Kasmir, Tafintan Wusa

Kawu Kasmir wan mahaifiyata ne. Da ita aka yi musayar matarsa, yadda ake yi a wajenmu: ya ba babana ƙanwarsa, babana ya ba shi tasa ƙanwar, Yuliyana. Saboda haka babu shamaki tsakanin gidanmu da nasa a ƙauyen Wusa, tukunya ɗaya muke ci, shi da babana kuwa surukan juna ne ta fuska biyu. Har suka tsufa ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci sunan ɗaya ba. "Suruki" kawai suke ce wa juna, a gaban mutane ko a tsakiyar daji.

Afoki uwarsa ta raɗa masa, Kasmir kuwa Fada, limamin coci, ne ya ba shi ranar baftisma, amma ni na tashi na tarar kowa Tafinta yake ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ƙafarsa ta hagu ta kumbura tun yana saurayi ba ta sake saɓewa ba, bakinsa kullum ja wur da taunar buwai, ɗan itacen da muke ci kamar goro. Idan ya fara magana mata kan ajiye dakan sago, itacen da muke cire garin tuwo daga cikinsa, su saurara. Ko labarin aladen da ya kuɓuce masa yake bayarwa, sai ka rantse kana wurin.

Uwarsa 'yar ƙabilar Baibai ce, daga bayan duwatsu aka kawo ta, don haka da harshe biyu ya buɗe baki. Harshen Baibai da namu kamar 'ya'yan wa da ƙani ne da aka raina a garuruwa daban. Ka ji kalma ka ce ai wannan tamu ce, ta gaba ta zo ta ɓace maka. Shi duka biyun a tafin hannunsa suke, kuma tun yana yaro idan dangin uwarsa suka zo shi ake kira ya zauna a tsakiya.

Da gemu ya fara tsiro masa, masu ɗibar leburori suka shigo suka kwashe samari zuwa gonakin kwakwa na wani tsibiri. A can ne aka fara tambayarsa sunan harshensa. Mu Momu muke ce masa, wato kalmarmu ta "a'a", amma malamin gonar ya ce babu wannan suna a wajen gwamnati, su 'yan Fas ne, domin ƙauyen Fas Turawa suka fara sani a ƙasarmu. Mutanen bakin teku kuma suka ce ba Fas ba Momu, Bembi ne, kuma yadda suke furta sunan ka san ba yabo ba ne. Akwai wani sauti a harshenmu da sai leɓɓa biyu sun kaɗa yake fita, kamar na wanda ya fito daga ruwan sanyi. Mu ba mu taɓa lura da shi ba, magana ce kamar kowace. A barikin leburori ya zama abin wasa. Da Kawu ya buɗe baki wajen ɗan garinsu sai a fashe da dariya, a ce Bembi yana rawar ɗari, a ba shi bargo. Shugaban leburori har taba yake ba shi don ya maimaita wasu kalmomi a gaban baƙi.

Sai ya daina Momu in ba a ɓoye ba, ya kama Pisin, harshen bariki da gwamnati, ya haɗiye shi cikin damina ɗaya. Wani abu kuma ya koyo a can wanda ya fi Pisin ɗin zama a jikinsa. Ya taɓa gaya mini shi muna gyaran kifi a bakin rafi.

"Felisita, a gonar nan wanda ya yi kuskure zagi kawai yake sha. Wanda ya ce bai gane ba shi ake ɗaure wa a jikin kwakwa. Sai ka gyaɗa kai, ka kalli hannun Bature inda ya nuna, ka tafi ka yi abin da Allah ya sa a ranka."

Dariya yake yi lokacin da ya faɗa, ni ma na taya shi.

Ya dawo Wusa da akwatin katako da gatari da fitila, aka yi musayar aure, ba a jima ba Baturen rangadi ya ji yadda yake juya magana ya ɗauke shi tafinta. Aka ba shi hula da ɗamara. Ya bi Turawa ƙauye ƙauye wajen ƙidayar mutane da sasanta rigimar gona da ta alade, kuma kowa ya shaida ya kashe wuta da yawa da bakinsa. Idan dattijo ya zagi Bature, Kawu kan mai da zagin gaisuwa. Idan Bature ya yi barazana, ya sassauta ta kafin ta kai kunnen mutane.

Wata shekara aka kira shi tashar gwamnati ta bayan duwatsu. An kamo wani mutumin ƙabilar Kwamtari bisa zargin ya harbi mijin ƙanwarsa da kibiya, tafintan yankin kuma yana kwance da zazzaɓi. Baturen sabo ne, yaro, kuma an gaya masa harshen Fas da na Kwamtari dangi ne, wanda ya ji ɗaya zai tsinci ɗayan. Ba haka ba ne. Da a ce ɗan Baibai ne da Kawu ya ji shi sarai, amma maganar Kwamtari a kunnenmu daidai take da kukan tsuntsu. Aka tsayar da mutumin, ya yi ta magana yana nuna cinyarsa, yana nuna bayansa, yana hawaye. Bature ya juyo ya tambayi Kawu me ya ce. Ga 'yan sanda a tsaye, ga jama'a sun zuba ido, ga hula a kansa. Kawu ya dubi hawayen ya ce mutumin ya amsa laifinsa, yana roƙon sassauci. Aka tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari na bakin teku.

Da ya dawo gida labarin dariya ya mai da abin. Yakan tashi tsaye ya kwaikwayi mutumin, ya kwaikwayi Baturen yana gyaɗa kai, mutane su yi ta riƙe ciki. Bayan damina biyu wasu mafarauta daga can suka yada zango a Wusa, cikinsu akwai mai jin Pisin. A bakinsa aka ji cewa mutumin ciwon ciki ya kashe shi a kurkuku. Aka kuma ji abin da yake ta faɗa ranar shari'a: aladen daji ya harba, kibiya ta goce ta sami surukinsa a cinya, shi ne ma ya goyo shi a baya tun daga daji har gida. Mahaifiyata ta ce Kawu yana zaune aka ba da labarin, ya tofar da buwai ya tashi ya shiga daji sai yamma. Daga ranar bai sake yin wannan wasan ba. Hular kuwa bai ajiye ta ba.

Turawa suka tafi, ƙasa ta sami 'yancinta, hula da ɗamara suka koma cikin akwati. Makarantar mishan ta koya wa yara Pisin, samari suka daina neman mai tsaya musu. Abin da ya rage wa Kawu shi ne ranar Lahadi, idan Fada ya zo, ya tsaya kusa da shi yana mai da wa'azi Momu saboda tsofaffi. Waɗannan su ne shekarunsa masu sauƙi, kuma a cikinsu na san shi. Yana da fadamar sago mai kyau, yana da ɗa ɗaya namiji, Linus, da 'ya mace, Kilara. Shi ya koya mini gane sagon da ya nuna tun daga ganyensa. Idan na yi magana na cusa kalmar Pisin a ciki sai ya ja kunnena ya ce ba a zuba ruwan teku a miyar gida.

Ni na yi aure a birnin Vanimo, wajen wani mutumin bakin teku mai gyaran injin kwalekwale, ina sayar da buwai a kasuwa. Ina gida ganin iyaye ne lokacin da mutanen kamfanin katako suka zo, don haka taron da idona na gan shi.

Da rana tsaka aka yi shi a filin gaban coci. Akwai shugabansu, baƙo daga ƙetare wanda bai ce komai ba sai shan taba, akwai kuma mai magana da yawunsa, wani ɗan birni mai tabarau. Samari sun so su yi tafinta, dattawa suka ƙi. Ƙasa ta dattawa ce, ba su jin Pisin sosai, kuma ba su yarda da bakin yara ba. Tsoho Sokeri, wanda zuriyarsa ke da mafi yawan dajin, ya ce a kira Tafinta. Kawu ya fito da tsohuwar hularsa, asu ya ci gefenta.

Sokeri ya yi magana a fili. Ya ce su sari itacen tuddan da ke hayin kogin Sinu, su yi hanya, su gina ɗakin shan magani. Amma kada injinsu ya tsallako kogi, kada ya taɓa fadamar sago, kada ya kusanci idon ruwa. Kawu ya juya wannan daidai, ina ji, bai rage komai ba. Sai ɗan birnin ya gyara tabarau ya ba da amsa mai tsawo. Sunanta dai Pisin, amma rabinta Turanci ne, irin na ofis, da kalmomin awon ƙasa da na shari'a. Ni da nake zaune a birni ban kama ko kashi ɗaya cikin uku ba. Na dubi Kawu na ga yana gyaɗa kai yana kallon hannun mutumin.

Linus, wanda a lokacin magidanci ne da 'ya'ya biyu, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ce ya sake faɗa a hankali. Ni ma ban ji ba."

"Tun ba a yi cikinka ba nake wannan aiki," in ji Kawu. "Koma ka zauna."

Ya juya wajen dattawa ya ce baƙi sun ji, sun yarda, fadama tamu ce, kogi ne iyaka. Dattawa suka dangwala yatsa, aka yanka alade.

Da farko abin ya yi daɗi. Hanya ta iso, tafiyar da ake yi a ƙafa ana kwana a daji ta koma ta yini guda a bayan mota. Shinkafa da kifin gwangwani suka shigo, wasu suka yi rufin kwano. Direbobi kan sa Kawu a gaban mota, mata suna yi masa kirari in ya wuce. Samari da yawa suka sami aiki, har da Linus, aka ba shi zarto mai inji.

A shekara ta uku katafila ta tsallako Sinu. Ba ta sari sago ba, babu ruwanta da shi, hanya kawai ta yanka ta saman fadama zuwa inda manyan itatuwa suke. Da ruwan sama ya sauko, jar laka ta gangaro ta cika fadamar. Ganye ya fara rawaya daga sama. Matan da suka sare sago suka tarar cikinsa ya ruɓe yana wari. Idon ruwa ya toshe, kogin ya koma kalar shayi da madara, baƙin mai yana yawo a kansa. Sokeri da 'ya'yansa suka ɗauki baka suka tare hanya. Kamfani ya zo da ɗan birnin nan, ya tsaya a kan mota ya ce babu abin da aka ɓoye wa kowa, duk an faɗa a gaban jama'a ranar taro, daji gaba ɗaya aka bayar tun daga tuddai har fadama, kuma tafintanku yana tsaye.

Aka buga gangar itace aka tara gari. Babana ne ya ba ni labarin wannan zaman, ni ina Vanimo. Kafin a fita ya sami Kawu a bayan ɗaki ya roƙe shi.

"Suruki, ka ce ba ka gane ba. Kowa ya san Turanci ya yi. Za su zage ka, su ce tsufa ya kama ka, shi ke nan. Rashin sani ba ya kashe mutum."

Kawu ya yi ta goge hularsa da hannu.

A fili Sokeri bai yi hayaniya ba. Ya ce tambaya ɗaya gare shi, kuma a gaban kowa yake son amsa. Ranar da mai tabarau ya yi magana, Tafinta ya ji abin da ya ce ko bai ji ba? Babana ya ce ana jin ƙarar zarto daga hayi. Kawu ya dubi dattawa, ya dubi samarin da aka hana tafinta ranar taro, suna tsaye a baya sun harɗe hannu.

"Na ji," in ji shi.

"Duka?"

"Duka na ji."

Sokeri ya ce to madalla, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Tun da ya ji kuma ya faɗa musu wani abu daban, ashe sayar da su ya yi. Haka gari ya yanke, kuma babu wanda zai ce sun yi rashin hankali. Aka fara cewa kamfani ya gina masa gida a birni, alhali rufin ɗakinsa na ganye ne yana yoyo. Aka daina miƙa masa buwai. Ranar Lahadi da ya tashi zai tsaya kusa da Fada, tsofaffi suka fice ɗaya bayan ɗaya, Fada ya ce masa ya huta tukuna.

Damina ta gaba gudawa ta shiga yara saboda ruwan kogi. Ɗakin shan maganin da aka yi alkawari ginshiƙai kawai aka kafa. Yara da dama suka tafi, cikinsu har da jikar Sokeri. Ana cikin wannan makoki itace ya faɗo wa Linus a wajen aiki. Kurangar daji ce ta ɗaure kan itacen da na kusa da shi, ya juya ya faɗi ta inda ba a zata ba. Abokan aikinsa suka kawo shi a cikin tamfol.

A wajenmu mutum ba ya mutuwa haka kawai, sai an nemi wanda ya jawo. Ba a yi nisa da nema ba. Aka ce wanda ya sayar da fadama me zai hana shi sayar da ɗansa, aka ce an ga Tafinta a hanyar daji da safiyar ranar, aka ce maye ne tun dawowarsa daga tsibiri. Wata tsohuwa ta tuno da mutumin Kwamtari, ta ce wannan ne na farko da ya ci. Ko a bakin kabari ba a bar shi ya tsaya ba, daga gindin wata ayaba ya kalli ana binne ɗansa.

Goggo Yuliyana ta kwashe tukwanenta ta dawo gidan wanta, wato gidanmu. Ba ta ce mijinta maye ne ba, ba ta kuma ce ba maye ba ne. Cewa ta yi ba za ta iya kallon bakinsa ba. Bisa al'ada idan matar musaya ta koma gida, ɗayar ma sai ta koma, kuma wasu suka matsa wa babana ya kori mahaifiyata ta bi ɗan'uwanta. Ya ce duk mai son fitar da ita ya zo ya fara da shi. Ya riƙe matarsa, ya riƙe ƙanwarsa, kullum da yamma kuma ya ɗauki tuwon sago a ganye ya kai wa surukinsa, mutane suna kallo suna tofar da yawu.

Ba a yi wata ba samari suka cinna wa ɗakin Kawu wuta, da rana, yana bakin rafi. Ya dawo ya tarar da toka. Akwatin katakon nan da abin da ke cikinsa duk sun tafi. Babana ya ce masa in ya kwana a garin ba zai iya tsare shi ba. Mahaifiyata ta raka shi har gadar Sinu da ƙunshin sago a jakar saƙa. Ta ce bai yi kuka ba, bai waiwaya ba, yana jan ƙafar nan mai kumburi a cikin laka har wata motar gungume ta tsaya ta ɗauke shi a baya.

A Vanimo na yi na yi ya zauna da mu, mijina ma ya sa baki, ya ƙi. Ya ce kawu ba ya cin tuwon mijin 'yarsa. Ya sami aikin share harabar wani kanti, mai kantin ya bar shi yana kwana a rumfar bayan shago tare da kwalaye. Yana gaya wa mutane shi ɗan wajen Aitape ne, wani gari na bakin teku. Momu kuwa ya rufe ta ruf. Idan na kai masa abinci na gaishe shi da harshen gida, sai ya duba hagu da dama ya amsa da Pisin.

"Kawu, ni ce fa. Wa zai ji mu a nan?"

"Ajiye kwanon ki tafi, kasuwa na jiranki."

Haka muka yi shekaru. Ya rame, gashinsa ya yi fari, labari ya ƙare a bakinsa. Idan ya hangi mutanen Wusa sun sauko gari sai ya shige bayan shago har su wuce. Kilara ta zo sau ɗaya da jaririnta, ya karɓi yaron ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya miƙa mata ya ce kada ta sake zuwa, kada a ce ita ma mayya ce.

Wata safiya ina kasa buwai sai ga wata ma'aikaciyar asibiti tana bin layin masu sayarwa tana tambaya. An kawo wani tsoho da ya faɗi yana shara, ɓarin jikinsa ya shanye, yana ta magana babu mai ganewa. Ta ce ba harshen bakin teku ba ne, na mutanen daji ne, irin masu kaɗa leɓe. Na bar kayana a hannun maƙwabciya na bi ta.

Yana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, bakinsa ya karkace. Pisin ɗin da ya ci abinci da shi tsawon rayuwarsa ya tafi gaba ɗaya, ko "ruwa" ba ya iya cewa da shi, in an yi masa kuma sai ya zuba ido kamar bai taɓa ji ba. Likita ya ce hakan na faruwa, ciwon kan share abin da mutum ya koya da girma ya bar na yarinta. Da na durƙusa na ce "Kawu" da Momu, ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, magana ta ɓalle kamar an fasa madatsa. Sai dai leɓensa na ƙasa ya mutu, kalmomi suna fita a tauye, sai na kai kunne dab da bakinsa.

Na zama bakinsa a ɗakin nan. Ma'aikatan suna da kirki, sukan tambaye ni ina ke masa ciwo, ya ci ko bai ci ba, in tambaye shi in gaya musu. Shi kuwa ba wannan ne a gabansa ba. Yana tambaya ko an rufe sagon da aka sare kada alade ya ci. Yana kiran Linus ya zo ya karɓi gatari. Yana cewa a kira masa suruki. Da kwanaki suka ja, Momu ɗin ma ta fara janyewa, harshen uwarsa ya hau sama. Yakan dube ni ya yi magana mai tsawo da Baibai, da murya irin ta mai neman a fahimce shi, ni kuma in tsinci kalma ɗaya a nan ɗaya a can: uwa, ruwa, hanya. Na zaga kasuwa da tashar mota da unguwannin baƙi ina neman mai jin Baibai. Su ba su da yawa ko a ƙasarsu, ban sami ko ɗaya ba.

Na aika wa babana ta bakin wani direba. Lokacin kamfani ya fara kwashe injinansa, motoci sun yi wuya, shi kuma ya tsufa idonsa ɗaya ya mutu. Duk da haka ya zo, a bayan motar gungume, jikinsa duk jar laka. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon don bai saba da kujera ba. Ya fito da buwai daga jakarsa, ya ɓare, ya tauna har ya yi laushi, ya ɗiba da yatsa ya shafa wa Kawu a dasashi. Ma'aikaciya ta zo za ta hana, ta duba, ta juya ta tafi.

"Suruki, na zo," in ji babana.

Kawu ya dube shi ya daɗe. Ban san ko ya gane shi ba. Babana ya yi ta ba shi labarin gari a hankali, wa ya mutu, wa ya haihu, cewa Sokeri ma ya riga mu gidan gaskiya, cewa Yuliyana tana gaishe shi. Wannan na ƙarshen ban sani ba ko gaskiya ne. Kwana biyu suna haka, a rana ta uku da hantsi Kawu ya cika, babana yana riƙe da ƙafarsa.

Muka aika gida a tambayi inda za a haƙa. Amsa ta dawo daga 'ya'yan Sokeri cewa ƙasar Wusa ba za ta karɓe shi ba, in aka kawo gawa za su tare gada. Babana ya so ya yi gardama, mijina ya lallashe shi. A maƙabartar Vanimo muka binne shi, cikin yashi, tsakanin mutanen da bai sani ba. Mu biyar ne a wurin har da mai kantin da wani malamin coci da ya yi addu'a da Pisin.

Babana ya yanki gashin kan Kawu kaɗan ya ƙunshe a ganye ya kama hanyar gida. Ruwa ya cinye gadar Sinu a makon nan, babu mota, sai da ya taka da ƙafa yana kwana a tsofaffin sansanonin kamfani. Da ya isa ba a buga ganga ba, babu wanda ya fito. Ya miƙa wa ƙanwarsa ƙunshin a bakin murhu. Goggo Yuliyana ta buɗe ta duba, ta tashi ta gangara rafi ta ɗebo farar laka, ta shafe fuskarta da ƙirjinta da hannayenta kamar yadda matar mamaci take yi. Mahaifiyata ta karɓi sauran ta shafa. Su biyu suka zauna a ƙarƙashin ɗaki, tsakanin turakun da ke ɗauke da shi, suna kuka, mutane suna wucewa zuwa gona ba su tsaya ba. Goggo ba ta wanke lakar ba sai bayan wata shida, kuma ba ta ƙara damina biyu a duniya ba.